Fitila Mai Lamba Ɗari Uku da Tara

Shekara ashirin da biyu ina ɗakin fitilu
a bakin ramin kwal na Bytom.
Aikina ƙirga ne: nawa suka sauka,
nawa suka hau.
In lissafi ya cika in ɗaura gyale, in kama tarago,
in ce kowa ya dawo.

Ashe mutum kan mai da fitilarsa
shi kuwa yana can ƙasa bai fito ba.

Wata Laraba aka tara mu a ɗakin cin abinci,
ga shayi ya huce, ga warin miyar kabeji.
Wioletta, sa'ar autata, ta tsaya gaban allo.
Na ce a raina, me wannan ta sani?
Ta ce, ba likitoci zan mai da ku ba,
ku dai duba wanda ya sauya:
mai surutun da ya yi tsit,
mai dariyar da ta fi abin dariyar ƙarfi.
Ku tambaya kai tsaye, har batun kashe kai.
Tambaya ba ta shuka abin da babu.
In kun tambaya kuma, ku kama bakinku.

Na ƙarshen nan shi ya fi mini wuya.

Kafin ta goge allo na ga fuskar Alojz.
Ɗari uku da tara,
mai kiwon tattabaru a saman gidansu,
wanda ba ya karɓar fitila
sai ya ba ni labarin wadda ta ci tsere.
Tun bazara bai ambaci tattabara ba.
Alewar na'ana'a da asubar fari.
Hannu na lalube sau biyu kafin ya sami ƙugiya.
Litinin uku ba ya nan.
Duk na gani, har na rubuta a littafi
da rubutuna mai kyau.

Karon farko na kwafsa.
Na ce, Alojz, ka ji tsoron Allah, ka tuna 'ya'yanka.
Ya dube ni kamar bango, ya ce, Truda, fitilata.
An aike ni da kunne, na kai wa'azi.

Bayan mako biyu, a tashar tarago,
dusar ƙanƙara na zuba a kan hularsa,
na zauna gefensa a benci mai sanyi.
Na ce, na daina jin labarin tattabarunka,
kuma abin ya dame ni.
Tarago ya zo, ya wuce.
Na danne harshe da haƙori.
Na biyu ya zo, ya wuce.

Ya ce, na sayar da su.
Tun rasuwar Halina ba na barci sai na sha.
Yanzu ko na sha ba na barci.

Na ce, kana tunanin kashe kanka?
Maganar ta fito da nauyin dunƙulen kwal.
Sama ba ta faɗo ba.
Ya ce, wani lokaci, in keji na sauka da mu.
Sai ya saki numfashi
irin na wanda aka kama wa kaya.

Tare muka kira lambar da Wioletta ta ba mu,
shi da magana, ni da riƙe masa safar hannu.
Alhamis na raka shi asibiti,
na zauna a baranda ina ƙirga tayil,
tunda ƙirga na iya.

An ɗauke shi daga rami wata huɗu.
Ya koma wa kwalba sau biyu, ya faɗa da bakinsa.
Ba ni na warkar da shi ba,
ban ma san ko warkewa ce sunan abin ba.
Fitilarsa dai tana rataye,
kullum ina sa mata caji.

Yanzu in na miƙa fitila nakan ɗaga kai.
Layin ya ƙara tsawo, wasu na tsaki.

Jiya Alojz ya leƙo taga.
Wai maƙwabci ya ba shi 'yan shila biyu,
ɗaya tana ɗingishi,
bai san ko za ta tashi ba.
Na ajiye biro, na ce, wace launi ce?